MALAM AMINU KANO: JAGORAN TALAKAWA TSAKANIN SANTSI DA TAƁO

Matafiyin da ya tashi daga Gusau ya nufi Sakkwato, in ya wuce Bunguɗu, garin Maru zai tarar a gabansa. A kwalejin horon malamai ta wannan gari, wanda a da yake cikin Lardin Sakkwato, yanzu kuwa cikin Jihar Zamfara, Marigayi Malam Aminu Kano ya yi aikinsa na ƙarshe na koyarwa. Daga nan ne ya ajiye alli a shekarar 1950, ya shiga siyasa gadan-gadan.

An haifi Malam Aminu a birnin Kano ranar 9 ga watan Agusta, 1920, a gidan malamai. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauci inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, sa'an nan ya tafi Ingila ƙaro ilmi a 1946.

A wancan lokaci 'yan bokon Arewa sun haɗu a inuwa ɗaya, watau Jam'iyyar Mutanen Arewa. Amma ra'ayi ya rabu biyu. Wasu suna ganin a gyara mulkin En'e sannu a hankali, tare da sarakuna. Wasu kuwa sun ce talaka ya gaji da jira. Waɗannan na biyu su ne suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma a 1953 Malam Aminu ya zama shugabanta. 'Ya'yan jam'iyyar sun sha ɗauri da bulala, amma ba su janye ba.

Duk da haka, Malam bai ɗauki ƙawance haramun ba. NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC. Bayan zaɓen 1959, wanda ya kai shi Majalisar Wakilai a Ikko, NCNC ta kafa gwamnati tare da NPC, babbar abokiyar hamayyar NEPU, abin da bai yi wa magoya bayansa da yawa daɗi ba. A zamanin Janar Yakubu Gowon kuma ya riƙe muƙamin Kwamishinan Sadarwa na Tarayya, daga baya na Lafiya.

Babbar jarrabawa ta zo a Jamhuriya ta Biyu. Malam ya kafa PRP a 1978, kuma a zaɓen 1979 ta ci jihohi biyu: Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. Gwamnonin nan ba su yi wata-wata ba suka soke haraji da jangali, burin da NEPU ta daɗe tana fafutuka a kansa.

Sai dai ba a jima ba saɓani ya kunno kai. Gwamnonin biyu sun shiga zama da takwarorinsu na UPN da GNPP, suka zama gwamnoni tara masu adawa da NPN. Shugabannin PRP suka hana, gwamnonin suka ƙi, aka kore su a 1980. Jam'iyya ta dare gida biyu: 'yan Taɓo suna tare da Malam, 'yan Santsi kuwa suna bin gwamnoni a ƙarƙashin tsohon shugaban ƙwadago, Cif Michael Imoudu.

Abin lura shi ne, kowane ɓangare ya ɗauki kansa mai tsaron aƙida. 'Yan Santsi sun zargi shugabanni da sassautawa NPN. 'Yan Taɓo kuwa sun zargi gwamnoni da rashin ɗa'a da jingina jam'iyyar talakawa ga wasu. Ta haka mutumin da aka yi wa kallon mai tsattsauran ra'ayi a 1950 ya wayi gari almajiransa suna zarginsa da sanyi.

Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Ranar 23 ga Yuni, 1981, Majalisar Jihar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. A watan Yuli aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Rimi shawara kan siyasa, a tarzomar Kano. Rimi ya koma NPP, ya sha kaye a hannun Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP a zaɓen 1983.

Malam bai ga wannan zaɓe ba. Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, ba tare da ɓarakar ta ɗinke ba. Gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero a matsayin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Tambayar da ta raba almajiransa, watau iyakar inda mai aƙida zai sassauta don ya sami abokan tafiya, tana nan tana jiran masu nazarin tarihinsa.

Allah ya jiƙansa da rahama, amin.