Pablo Fanque: Baƙar Fatan da Ya Mallaki Ayarin Sakas a Ingila

A Ingila ta ƙarni na 19, kafin zuwan silima da rediyo, babban abin nishaɗin ma'aikatan masaƙu da mahaƙa kwal shi ne sakas, wato ayarin 'yan wasa masu yawo gari-gari da dawakai, suna nuna gwanintar sukuwa da tafiya kan igiya da alkafura da barkwanci. Masu sha'awar shiga irin wannan ayari suna da yawa, amma kaɗan ne suke daɗewa a ciki. William Darby, wanda aka fi sani da Pablo Fanque, ya shekara kusan 50 a sana'ar, kuma shi ake lissafawa a matsayin baƙar fata na farko da ya mallaki ayarin kansa a Birtaniya.

Rajistar coci ta nuna an haife shi a birnin Norwich a 1810, shekara uku bayan majalisar Birtaniya ta haramta cinikin bayi, shekara 23 kafin dokar da ta soke bautar kanta a yankunan mulkinta. Mahaifinsa, John Darby, jinin Afirka ne. Yana ɗan shekara 11 aka ba da shi koyon sana'a wurin William Batty, wani mai ayarin sakas, kuma a Disamban 1821 ya fara fitowa gaban jama'a a garinsu.

Masu ayari sun fi son karɓar yara, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron koyo yakan fara da sharar barga da ciyar da dawakai, kafin a ɗora shi kan igiya ko bayan doki. Filin wasan kuwa da'ira ce mai faɗin ƙafa 42, kusan mita 13, tsarin da ake dangantawa da Philip Astley, tsohon sojan doki wanda ya fara wannan wasa a Landan a 1768. Idan doki yana kewaya da'irar da gudu, jikinsa yakan karkata ciki, wannan ne yake taimakon mahayi ya miƙe tsaye a bayansa. Da zarar dokin ya sauya taku ba shiri, mahayi ya sha ƙasa. Saboda haka ƙarfin jiki da rashin tsoro ba sa isa, sai an haɗa da sanin halin dabba da haƙurin maimaita abu guda kullum.

Darby ya ƙware a sukuwa da tafiya kan igiya da tsalle, abin da ya ƙara masa daraja, domin ƙaramin ayari ba ya iya ciyar da mai gwaninta ɗaya tal. Ya yi aiki da Andrew Ducrow, mahayin da ya fi kowa suna a zamanin, sannan ya koma wurin Batty. A 1841 ya kafa ayarinsa, ya riƙa zagaya Ingila da Sukotland da Ailan, musamman garuruwan masana'antu na Lancashire da Yorkshire. A 1847 ya yi wasa a zauren Astley na Landan da wata baƙar goɗiya mai suna Beda, wadda ya horar har tana taku daidai da kiɗa, jaridun birnin suka yaba masa ƙwarai.

Jarrabawa mafi girma ta same shi a Leeds a watan Maris na 1848. Ana tsakiyar wasa, ɗansa yana kan igiya, sai benen katakon da 'yan kallo suke zaune a kai ya rufta. Mutane da dama sun ji rauni, matarsa Susannah, wadda take wurin sayar da tikiti, ta rasa ranta. Bai rushe ayarin ba, domin akwai mahaya da makaɗa da masu kula da dawakai da abincinsu yake wuyansa. Ya ci gaba da yawo fiye da shekara 20 bayan haka.

Riƙon amana shi ne abin da abokan sana'arsa suka fi tuna shi da shi. A lokacin ɗan wasa ba shi da fansho, idan ya karye ko ya tsufa babu mai ɗaukar nauyinsa. Al'adar sana'ar ita ce a keɓe dare guda a miƙa kuɗin da aka tara ga wani ɗan wasa ko iyalinsa, kuma Fanque ya yi suna wajen shirya irin waɗannan darare. Ɗaya daga ciki an yi shi a Rochdale a Fabrairun 1843 domin William Kite. Takardar tallan wannan dare ce John Lennon ya saya a wani shagon kayan tarihi a 1967, ya kuma gina wata waƙar ƙungiyar Beatles a kanta, sunan Fanque ya sake fitowa bayan an daɗe da mantawa da shi.

Ya rasu a wani masauki a Stockport ranar 4 ga Mayu, 1871, ba tare da barin wata dukiya ba. Aka kai gawarsa Leeds, makaɗa suna gaba, dokinsa yana biye, jama'a sun cika titi, aka binne shi kusa da Susannah. Maƙabartar yanzu tana cikin harabar Jami'ar Leeds, kuma duwatsun kaburburansu suna nan har yau.