Santiago Ramón y Cajal: Yaron wanzami da ya buɗe hanyar binciken jijiyar gani

Idan yana ta rufe ido, likita kan yi aiki gani ya dawo. Amma idan jijiyar gani ta lalace, sakamakon hatsari ko hawan jinin ido, abin da aka rasa ba ya dawowa. Wannan ne bayanin da majinyaci daga Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa zai iya ji a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Cikin waɗanda suka fara bin diddigin dalilin haka akwai wani likita ɗan Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal.

An haife shi ranar 1 ga Mayun 1852 a ƙauyen Petilla de Aragón. Yana yaro ya fi son zane a kan karatu, har mahaifinsa ya kai shi koyon sana'a wajen wanzami, sannan wajen mai ɗinkin takalma. Daga baya ya karanci likitanci a Zaragoza, ya yi aikin likitan soja a Kuba, inda zazzaɓin cizon sauro ya kusa hallaka shi.

A 1887 ya ga wata dabarar rina jijiyoyi da Camillo Golgi ɗan Italiya ya ƙirƙiro. Ya inganta ta, ya riƙa zana abin da yake gani a madubin ƙara girma, ciki har da tantanin bayan ido mai karɓar haske. Da haka ya nuna cewa jijiyoyi ƙwayoyin halitta ne ɗaiɗaiku masu miƙa wa juna saƙo. Shi da Golgi suka raba kyautar Nobel a 1906.

Daga nan ya koma nazarin raunin jijiya. Ya lura cewa jijiyar hannu ko ƙafa na iya sake tsirowa, amma ta ƙwaƙwalwa da ta ido kan fara toho ta tsaya. A 1911 almajirinsa Francisco Tello ya dasa guntun jijiyar ƙafa a ƙwaƙwalwar zomo, sai zaruruwa suka tsiro zuwa cikinsa. Wannan ya nuna cewa muhallin da jijiyar take ciki na da hannu a gazawarta. Cajal ya bar wa masana masu zuwa aikin warware matsalar. Ya rasu a Madrid ranar 17 ga Oktoban 1934.

A 1985 Albert Aguayo da Kwok-Fai So suka yi irin wannan dashe a idon ɓera a Kanada, zaruruwa suka tsiro. A 2008 masu bincike a Harvard suka cire ƙwayar gado mai suna PTEN a ɓeraye, jijiyar gani ta sake tsirowa. Gwajin ƙwayoyin gado da dashen ƙwayoyin halitta na yau a kan wannan turba yake.

Har yanzu babu maganin da ke farfaɗo da matacciyar jijiyar gani a jikin ɗan Adam. Shi ya sa likitoci ke nanata a auna ido da wuri.