Tarihin John B. Watson, masanin da ya kai ilmin halayya fagen talla

An haifi John Broadus Watson a ranar 9 ga watan Janairun 1878 a jihar Karolina ta Kudu da ke Amurka, a gidan da ba shi da wadata. Yana ɗan shekara 13 mahaifinsa ya yi watsi da iyalin.

Ya sami digirin digirgir a Jami'ar Chicago a 1903, kana ya zama farfesa a Jami'ar Johns Hopkins a 1908.

Watson ya yi imanin cewa ana haifar ɗan Adam da tsoro da fushi da ƙauna, sauran ɗabi'u kuwa sabo ne ke gina su. A 1920 ya wallafa gwajin da ya yi a kan wani jariri, inda ya riƙa buga ƙarfe da ƙarfi duk lokacin da yaron ya taɓa farin ɓera, har ya kai ganin ɓeran kaɗai na sa shi kuka. Masana a yau na Allah wadai da wannan gwaji.

A shekarar ce kuma jami'ar ta tilasta masa yin murabus saboda alaƙarsa da ɗalibarsa Rosalie Rayner, wadda ya aura daga baya.

Daga aji zuwa kasuwa

Kamfanin talla na J. Walter Thompson da ke New York ne ya ɗauke shi. Sai da ya yi yawon tallar gahawa shago-shago, ya kuma tsaya bayan kanta a kantin Macy's, kafin ya zama mataimakin shugaban kamfanin a 1924.

A wani gwaji, ya gano cewa mashaya sigari ba sa iya bambance wadda suka saba sha da sauran idan aka ɓoye sunan. Wannan ya ƙarfafa ra'ayinsa cewa sau da yawa suna ake saye, ba kaya ba.

Don haka a tallar hodar jarirai ta Johnson & Johnson aka taɓo fargabar iyaye mata game da cuta, a tallar man shafawa na Pond's kuwa aka jingina shi da sarauniyar Romaniya, Marie.

Watson bai taɓa leƙa cikin ƙwaƙwalwar masu sayayya ba. Amma a 2004, masu bincike a Houston sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu shan Coca-Cola da Pepsi. Da aka ɓoye suna, zaɓinsu ya rabu kusan daidai. Da aka ambaci Coca-Cola, sassan da ke adana abubuwan tunawa suka motsa, zaɓin ya karkata gare ta.

Ke nan mai sayayya a kasuwar Kazaure ko Babura da ya nace sai sabulun da ya saba ji a rediyo, yana iya biyan kuɗin sabo ne, ba na inganci ba.

Watson ya yi ritaya a 1945. Ya ƙona yawancin takardunsa kafin ya mutu a ranar 25 ga watan Satumban 1958, yana da shekaru 80.