Baba, Mutuniyar Karo

An haifi Baba wajen shekarar 1877 a wani ɗan ƙauye da ake kira Karo, kusa da iyakar Kano da Zazzau. Danginta asalinsu Barebari ne, daga Barno suka taso. Ubanta manomi ne, kuma malami mai koyar da Alƙur'ani. Ita kuwa ba 'yar sarauta ba ce, ba ta yi boko ba, duk zamanta a karkara ta yi shi, tsakanin murhu da turmi. Amma ga shi sunanta ya kai manyan makarantun duniya.

Ta yi ƙuruciyarta zamanin da ake bauta. Danginta suna da bayi a rinji, masu yi musu noman gandu, in rana ta take a kai musu abinci gona. Zaman kuwa na ɗar-ɗar ne, gama mahara suna yawo, tun ba mayaƙan Ibrahim Nagwamatse, Sarkin Sudan na Kwantagora ba. Sukan kama mata da yara, sai dangi su yi ta haɗa kuɗin fansa. Da Turawa suka ci Kwantagora cikin 1901, suka shiga Zazzau cikin 1902, hari ya ƙare, bayi da yawa suka kama gabansu. Baba ta ga wannan duka da idonta.

Ta yi aure huɗu. Na fari auren zumunci ne, tana 'yar yarinya. Na ƙarshe kuwa auren takalmi ne, watau tana zaune gidanta, miji ne ke zuwa. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta yi riƙon 'ya'yan dangi, ta karɓi haihuwar mata da yawa, har ta zama kakar kowa a garin Giwa, inda ta yi zaman tsufanta.

Cikin 1949 wani masani mutumin Jamaika, M. G. Smith, ya zo Lardin Zazzau yana binciken zaman jama'a. Shi namiji ne, ba shi da ikon shiga cikin gida wurin matan aure. Sai matarsa, Mary Smith, wadda ta ji Hausa, ta saba da Baba. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 suka yi ta zama, Baba na faɗi, ita tana rubutawa da Hausa. Daga baya ta juya shi da Turanci, aka buga a Landan cikin 1954, da sunan Baba of Karo.

Abin da ya ba littafin nan daraja shi ne ya buɗe abin da littattafan sarakuna suka tsallake. A ciki mutum zai ga yadda kishiyoyi ke raba kwana da girki, da abin da ake dafa wa mai jego, da hidimar suna da ta biki, da yadda ƙawaye ke rama wa juna gudummawa. Zai ga kuma yadda mace ke neman na kanta, ta yi kaɗi, ta dafa na sayarwa, 'yan mata su kai talla. Sana'ar nan ta abinci ta bi Hausawa duk inda suka kafa zango, har Sabo ta Ibadan da Agege ta Ikko, inda baƙi da fatake ke neman tuwo irin na gida. Wanda ke son sanin tushenta, ya duba labarin Baba.

Baba ta rasu a Giwa cikin 1951, ba ta ga littafinta ba. Da an yi jinkirin shekara biyu kaɗai, da duk abin da ke kanta ya bi ta kabari.

To, 'yan'uwa masu shirin zama malamai, kowannenmu yana da irin Baba a garinsu. In an yi hutu, sai mu ɗauki alƙalami da takarda, mu zauna gaban tsofaffinmu mata, mu tambaye su abin da suka gani da wanda suka ji, mu rubuta da Hausa kamar yadda suka faɗa, don mu sami abin karanta wa yaranmu a aji. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ta huta, amin.