Muhammadu Alkashinawi: Malamin lissafi da taurari da ya bar Katsina ya rasu a Alƙahira

A shekarar 1154 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1741 Miladiyya, wani baƙon malami ya rasu a gidan Shehu Hasan Aljabarti a birnin Alƙahira. Kafin ya cika, ya ɗora wa mai masaukinsa amanar dukiyarsa da littattafansa. Mai masaukin ya yi masa sutura, ya kai shi makwanci a maƙabartar da ake kira Bustanul Ulama, wato Lambun Malamai, kuma ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kan kabarin. Wannan baƙo shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, Bafulatanin ƙasar Katsina wanda ya shahara a Makka da Masar kan ilimin lissafi da na taurari.

Mafi yawan abin da aka riƙe na tarihinsa ya zo ne ta hannun ɗan mai masaukin nasa, Abdurrahman Aljabarti, babban marubucin tarihin Masar, wanda aka haifa fiye da shekara goma bayan rasuwar malamin. Ya sanya shi cikin jerin manyan mamata a littafinsa Aja'ibul Asar, yana mai dogara da abin da ya taras a gidansu da kuma jerin malaman da marigayin ya rubuta da hannunsa.

Katsinar da ya tashi a cikinta

Cikakken sunansa yana ɗauke da nasabar Addanrankawi, wato jinginawa ga Ɗan Ranko, wani tsohon gari a ƙasar Katsina. Ya taso a lokacin da Katsina take cikin ganiyarta. Bayan da rundunar Maroko ta rusa daular Songhai a 1591, wani kaso mai yawa na fataucin Sahara ya karkato zuwa biranen ƙasar Hausa, ayarin raƙuma yana shigowa da gishiri da tufafi da takarda da littattafai. Sunan Wali Ɗan Marna da na Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, bai gushe a bakin almajirai ba, ga kuma hasumiyar Gobarau tana tsaye a tsakiyar birni. A irin wannan wuri, yaron da Allah Ya ba kaifin ƙwaƙwalwa ba zai rasa zauren da zai durƙusa ba.

Malamansa

Aljabarti ya ambaci malamai huɗu da suka rene shi a ilimi: Muhammadul Wali, masanin tauhidi na ƙasar Bagarmi, da Shehu Hashimu, da Muhammadu Fodu, da Muhammadu Bindu. Biyun ƙarshe su ne suka fi tasiri a rayuwarsa.

Ya lazimci Muhammadu Fodu kusan shekara huɗu, a zaune da kuma a kan hanya, duk inda malamin ya sa ƙafa yana biye da shi. A wurinsa ya karanci yawancin littattafan adabi, ya ƙware a nahawu da sarfu. Da farko malamin yana kiransa da laƙabin mai Muƙama, domin ya haddace littafin ta yadda da an ambaci kalma guda a cikinsa zai kawo abin da ya gabace ta ba tare da inda-inda ba. Da nahawunsa ya nuna, sai malamin ya sauya masa laƙabi zuwa Sibawaihi, sunan babban limamin nahawu na Basra.

A wurin Muhammadu Bindu kuwa ya sami fannin da ya fito da sunansa. Ya karanci hisabi, da ilimin lokuta bisa tsarin malaman Magrib, da ilimin haruffa da hatimai, tare da kayan aikin da ake awo da su. Bai tsaya nan ba, ya haɗa da usulu da balaga da manɗiƙi da littattafan aƙida na Sanusi, ya saurari Sahihul Bukhari, ya kuma karanta kaso mai yawa na Mukhtasar na Shehu Halilu.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ta cancanci a tsaya a kanta. Bai taɓa yarda ya yi karatu da littafin aro ba. Idan zai fara wani littafi da ba shi da shi, sai ya zauna ya kwafe matanin da hannunsa, ya bar fili mai faɗi tsakanin layuka domin ya riƙa cusa bayanin malami da abin da ya tsinta a sharhi. Idan hali ya yi, har sharhin da hashiyar yake kwafewa. A zamanin da takarda take ƙetaro hamada a bayan raƙumi kafin ta iso kasuwa, wannan ɗabi'a tana cin kuɗi, tana cin dare, tana kuma cin ido.

Ilimin lokuta da aikinsa

Abin da ake kira ilimin lokuta shi ne reshen falaki da Musulmi suka fi bai wa muhimmanci, domin ibada ta rataya a kansa. Mai wannan ilimi yakan kafa sanda a fili ya bi inuwarta: idan ta kai iyakar gajartarta ta fara ƙaruwa, rana ta yi zawali, Azahar ta shiga; idan ta ƙaru da tsawon sandar a kan inuwar zawali, La'asar ta shiga. Da dare yana bin masaukan wata guda 28, ya san tauraron da zai fito da wanda zai faɗi, da abin da ya rage kafin alfijir. Manomi ma yana da rabonsa a ciki, domin da fitowar taurari irin su Kaza da 'ya'yanta ake kirdadon sauyin yanayi.

Matafiyi kuma ya fi kowa ganin amfaninsa. Wanda ya tashi daga Katsina yana fuskantar gabas da ɗan karkata arewa idan zai yi salla, amma da ya isa Alƙahira alƙiblarsa ta koma kudu maso gabas. Tauraron arewa da yake gani ƙasa-ƙasa a gida, kimanin daraja 13 sama da inda sama ta haɗu da ƙasa, zai tarar ya ɗaga zuwa daraja 30 a Masar. Daga irin wannan lura ne masana suke gane matsayin gari a doron ƙasa.

Hanyar gabas

Da ya ga ya ɗebi abin da zai iya ɗiba a gida, sai ya nemi izinin malaminsa ya kama hanyar Hajji. Bai bar gida don talauci ko husuma ba. Shi da kansa ya bayyana cewa yana cikin jin daɗi da kwanciyar hankali tare da iyalinsa, ƙishirwar ilimi ce kawai ta sa ya musanya wannan da baƙunta da kaɗaici da haɗarin hanya.

Ya ratsa masarautu da dama, yana ganawa da sarakuna da malamai. A yankin Barno ya yada zango na wata biyar wurin wani malami, inda ya ƙara karatun hisabi da na ramli. Ya kuma rubuta labarin tafiyar tasa. Ya sauke farali a shekarar 1142 ta Hijira, wato 1730, sannan ya zauna a Makka yana karatu da rubutu kafin ya wuce Masar.

A gidan Aljabarti

Shehu Hasan Aljabarti, wanda ya rayu daga 1698 zuwa 1774, asalin kakanninsa daga yankin gabashin Afirka ne, kuma gidansu ne ke shugabantar masaukin ɗaliban Jabarti a Azhar. Malamin fiƙihu ne na mazhabar Hanafiyya, amma abin da ya fi fice da shi shi ne falaki da handasa. Yana zana agogon rana a kan marmara, yana tara kayan awon taurari, gidansa kuma ya zama matattarar ɗalibai da masu sana'ar hannu. A wannan gida Bakatsinen ya sauka, kuma mai gidan bai ji nauyin zama gabansa ya ɗauki ilimin hatimai ba, har baƙon ya rasu.

Littattafansa

A Makka ya fara rubuta Addurrul Manzum, littafi mai gabatarwa da manyan sassa biyar da rufewa, ya kammala shi a Alƙahira a watan Rajab na 1146, wato ƙarshen 1733. Yana da Bahjatul Afaƙ kan haruffa da hatimai. Yana da waƙe kan manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus, wanda ya yi wa sharhi mai kauri da ya kira Izalatul Ubus. A nahawu kuma ya bar Bulugul Arab.

Bahjatul Afaƙ ne ya kai sunansa ga masana lissafi na zamani. Hatimi, idan aka cire shi daga aikin tsibbu aka dube shi da idon lissafi, murabba'i ne da aka raba gida-gida, aka zuba lambobi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara: 4 da 9 da 2 a sama, 3 da 5 da 7 a tsakiya, 8 da 1 da 6 a ƙasa. Ko a kwance aka tara, ko a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. Dalili kuwa shi ne jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, idan aka raba ta layi uku kowanne ya sami 15. Mai gida 25 jimlar lambobinsa 325 ce, kowane layi 65. Mai gida 49 kowane layinsa 175 ne. Sanin jimlar abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wurin sanin gidan da kowace lamba za ta zauna. Alkashinawi ya shimfiɗa ƙa'idojin cika irin waɗannan hatimai masu layuka mara, ta yadda wanda ya riƙe ƙa'idar zai cika babba kamar yadda zai cika ƙarami, ba tare da lalube ba.

A ƙarnin nan nasa, Benjamin Franklin a Amurka da Leonhard Euler a Turai su ma sun yi aiki a kan irin waɗannan murabba'ai. A 1967 Hassan Ibrahim Gwarzo ya wallafa nazari a Ibadan kan bayanin da Alkashinawi ya yi game da ramzi, wato adana shekara a cikin haruffa. A 1973 kuma Claudia Zaslavsky ta kawo aikinsa a littafinta kan lissafin mutanen Afirka. Akwai kwafin rubutunsa a ɗakin karatu na makarantar nazarin Gabas da Afirka da ke Landan.

Inda ake saɓani a kansa

Ba a rufe tarihinsa ba tare da an ambaci wannan ba. Addurrul Manzum littafi ne kan ɗalasimai da hukuncin taurari, an gina shi a kan Assirrul Maktum da ake jingina wa Fakhruddin Arrazi. Malamai tun da daɗewa sun raba ilimin taurari gida biyu: na lissafin tafiyarsu domin sanin lokaci da alƙibla da hanya, wanda suka yarda da shi, da na da'awar cewa suna da tasiri a kan rabon ɗan Adam, wanda suka yi tir da shi. Ibn Khaldun ya soki kashi na biyu a Muƙaddima ƙarnuka kafin haihuwar Alkashinawi. Shi kuwa ya tsunduma cikin duka biyun, kamar yadda masana da yawa na wancan zamani suka yi a gabas da yamma. Johannes Kepler, wanda ya gano dokokin kewayawar duniyoyi, ya sha yi wa sarakuna duban taurari. Zamani ya tace aikin nasu, ya riƙe lissafin da awon.

Abin da ya rage ga na baya

Yau kumbo da tauraron ɗan Adam ne suke ɗaukar hankalin matasa. Najeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya a 1999, ta harba tauraronta na farko daga Rasha a watan Satumban 2003. A 2017 aka harba wani ɗan ƙaramin tauraro mai faɗin santimita 10, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta sa hannu a ƙirarsa, cikin wata ƙungiyar ɗalibai a Japan da ta haɗa 'yan Najeriya da Ghana da Mongoliya da Bangladesh. A Jihar Kebbi, jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana karɓar 'ya'yan 'yan kasuwar Jega da na manoman Maiyama da na masu albasar Aliero, wasunsu suna karatun injiniya. Wanda duk ya yi burin shiga irin waccan ƙungiya zai taras sharuɗɗan ba su yi nisa da waɗanda Alkashinawi ya cika ba: lissafi mai ƙarfi, da haƙurin zama ƙarƙashin wanda ya fi shi sani na shekaru, da rubuta aiki da hannunsa, da yarda da barin gida idan abin da ake nema yana wani wuri.

Sai dai tarihin nasa yana da ɗaci ga mutanen ƙasarsa. Bai dawo Katsina ba. Littattafan da ya kwafe da waɗanda ya wallafa sun zauna a Alƙahira, ɗaliban da suka sha daga gare shi a shekarunsa na ƙarshe mutanen Masar ne, kuma ɗan Masar ne ya adana mana sunayen malamansa na gida. Iyayen da suke biyan kuɗin makaranta da hukumomin da suke tura ɗalibai ƙetare su ne za su tanadi ɗakin gwaji da kayan aiki da albashin da zai sa wanda ya tafi ya sami abin da zai dawo ya tarar.

Allah Ya jiƙan Shehu Muhammadu Alkashinawi, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.