Baba Yara: Gwanin Da Aka Ɗauke Daga Kotoko Ba Tare Da Ciniki Ba

A yau filinmu na tarihin mazan jiya zai waiwayi rayuwar marigayi Usman Seidu, wanda duniya ta fi sani da Baba Yara. Da yawa daga cikinmu da ke safarar doya da shanu da goro tsakanin Salaga da Yendi da Bawku zuwa Kumasi mun sha wucewa ta gaban babban filin wasan da ke ɗauke da sunansa, amma kaɗan ne suka san yadda mai sunan ya rayu, da yadda aka raba shi da ƙungiyarsa da rana tsaka. Labarinsa ya shafe mu 'yan kasuwa, domin a cikinsa akwai maganar ciniki da yarda da haƙƙin mai kaya.

An haifi Baba Yara a birnin Kumasi ranar 12 ga Oktoba, 1936, lokacin ƙasar nan tana hannun Turawan Ingila da sunan Gold Coast. Mutanen Zango na lissafa shi cikin nasu, kuma sunan da ya yi fice da shi ba baƙo ba ne a kunnen mai jin Hausa. Kafin ƙwallo ta ɗauke shi, ya yi sukuwar dawaki a filin sukuwa na Ankara, babban birnin ƙasa. A shekarar 1955 ne ya shiga ƙungiyar Asante Kotoko yana ɗan shekara 18 da 'yan watanni.

A gefen dama yake wasa. Aikin ɗan wasan gefe shi ne ya ja ƙwallo ta bakin layi, ya yanke mai tsaron baya, sannan ya kwaso ta zuwa gaban raga inda 'yan gaba ke jira. Baba Yara ya haɗa gudu da iya yanka da sanin inda abokin wasa yake, shi ya sa aka yi masa laƙabi da sarkin 'yan wasan gefe na Afirka ta Yamma. A shekarar da ya shiga Kotoko aka gayyace shi ƙungiyar ƙasa, kuma yana cikin waɗanda suka lallasa Nijeriya da ci 7 da nema a Ankara, inda shi kansa ya zura biyu. Yana Kotoko ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1958, ta kuma zama zakarar gasar lig a 1959.

To, ana cikin haka ne siyasa ta shigo fili. Shugaba Kwame Nkrumah ya ɗauki ƙwallon ƙafa a matsayin hanyar haɗa kan ƙabilun Gana da ɗaga martabar baƙar fata a idon duniya. A 1960 ya naɗa Ohene Djan daraktan wasanni na ƙasa, ya sakar masa mara. Shi kuma a 1961 ya kafa wata ƙungiya a Ankara mai suna Real Republicans, wadda aka ari rabin sunanta daga Real Madrid ta ƙasar Sifen. Jama'a kuwa suka riƙa kiranta kulob ɗin Osagyefo, wato shi Nkrumah.

Yadda aka tara mata 'yan wasa shi ne abin dubawa. An bi manyan ƙungiyoyin lig ana zaɓo gwanaye bibbiyu daga kowace. Daga Kotoko aka ɗauki Baba Yara da mai tsaron baya Dogo Moro. Daga Hearts of Oak aka ɗauki Addo Odametey, daga Sekondi kuma aka kawo irin su Edward Acquah da Aggrey-Fynn. Umarni ne daga hukuma, ba a zauna an yi tayi an yi albarka ba.

Mu da muka tashi a kasuwa mun san sharuɗɗan ciniki. Mai kaya ya sa suna, mai saye ya taya, dillali ya shiga tsakani, in an daidaita a ce an sallama a gaban shaidu, a ba dillali la'adarsa. Ko a zamanin da ayarin fatake ke zuwa Salaga daga Kano da Sakkwato ɗaukar goro, haka abin yake a hannun masu masauki. Idan sarki ya aiko aka kwashi kayanka, ko da da kyakkyawar niyya ce, sunan abin daban ne. Haka magoya bayan Kotoko suka kalli lamarin, musamman da yake ƙasar Asante ce cibiyar masu adawa da Nkrumah tun 1954. A wurinsu gwamnati ta miƙo hannu ne ta cire musu tsoka mafi daɗi a miya.

Amma adalci ne mu faɗi hujjar ɗaya ɓangaren. Ohene Djan na ganin idan gwanayen ƙasa suna atisaye tare kullum, suna wasa tare kowane mako, to ƙungiyar Black Stars za ta zama tsintsiya ɗaya. Sakamako ya ba shi gaskiya ta wannan fuskar. A watan Agusta na 1962 Black Stars ta yi kunnen doki 3 da 3 da Real Madrid a Ankara. Real Republicans ta ci gasar lig ta 1962 zuwa 1963, ta ɗauki kofin ƙalubale sau huɗu a jere daga 1962 zuwa 1965. Gana kuma ta ci kofin Afirka a 1963 da 1965.

Sai dai Baba Yara bai taka leda a ko ɗaya daga cikin kofunan Afirkan nan ba. Ranar 24 ga Maris, 1963, Republicans ta je Kpandu a yankin Bolta ta doke Volta Heroes. A hanyar dawowa motar 'yan wasan ta kwace a wata kwana a Kpeve. Wasu sun ji raunuka, amma nasa ya fi na kowa muni, domin lakarsa ce ta taɓu. Aka garzaya da shi asibitin sojoji na 37 da ke Ankara, daga nan gwamnati ta tura shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, wanda ya shahara wajen jinyar masu ciwon laka. A watan Agusta na wannan shekarar aka dawo da shi gida, ƙafafun da suka girgiza Afirka ta Yamma ba sa motsi. Shekararsa 26 a lokacin.

A watan Disamba abokansa suka doke Sudan da ci 3 da nema suka ɗaga kofin Afirka a Ankara, shi yana jinya. Ranar 24 ga Fabrairu, 1966, sojoji suka hamɓarar da Nkrumah, aka rushe Real Republicans, 'yan wasanta suka watse, wasu suka koma tsofaffin ƙungiyoyinsu. Kulob ɗin da aka raba shi da Kotoko dominsa ya shuɗe, shi kuma babu halin komawa fili. Ya yi shekara shida yana fama, har Allah ya karɓi abinsa ranar 5 ga Mayu, 1969, a asibitin Korle Bu, yana da shekara 32.

Wannan matsala ta ɗan wasa da ba shi da ta cewa a kan inda za a kai shi ba a Gana kaɗai take ba. A Amurka, ƙungiyoyin ƙwallon sanda da ake kira besbol sun daɗe suna musayar 'yan wasa, har a tsakiyar kakar wasa, mutum ya kwana a wannan ƙungiya ya wayi gari a wata. A shekarar da Baba Yara ya rasu, wani baƙar fata mai suna Curt Flood ya ƙi yarda ƙungiyar St. Louis Cardinals ta miƙa shi ga Philadelphia Phillies, daga baya ya shigar da ƙara. Kotun ƙoli ta kayar da shi a 1972, amma ba a jima ba 'yan wasan besbol suka samu 'yancin zaɓar ƙungiya idan kwantiraginsu ya ƙare. A Turai sai a 1995 shari'ar Bosman ta ba 'yan ƙwallon ƙafa irin wannan dama.

A zamanin Shugaba John Kufuor aka sa wa filin wasa na Kumasi sunan Baba Yara, na Ankara kuma aka sa masa sunan Ohene Djan. Daga baya hukumomin Ankara sun cire sunan Ohene Djan, na Baba Yara kuwa ya zauna daram a filin da Kotoko ke karɓar baƙinta.

Jan hankalinmu ga iyaye a garuruwanmu shi ne, dillalan 'yan wasa suna shigowa neman yara masu ƙafa. Kafin mu sallama ɗa, mu nemi takarda a rubuce, mu kai wa wanda ya iya karatu ya fassara mana, mu tambayi wa zai ɗauki nauyin yaron idan ya ji ciwo, sannan mu ji ta bakin shi yaron. Ba ma sallama buhun masara sai mun ƙirga kuɗi, balle ɗan da muka haifa.

Allah ya jiƙan Baba Yara, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, amin.