MALAM AMINU KANO DA SHEKARU SHIDAN MAHAIFIYARSA



'Yan'uwa, yau ba siyasa na kawo muku ba, ko da yake mutumin da zan yi magana a kansa da siyasa aka fi saninsa. Yarintar Malam Aminu Kano nake so mu duba, mu da Allah Ya ba wa amanar 'ya'ya.

An haife shi a unguwar Sudawa, nan cikin ganuwa, ranar 9 ga Agusta 1920. Mahaifinsa Malam Yusufu daga zuriyar Gyanawa yake, Fulanin da aka sani da ilimin shari'a, kuma mufti ne a kotun alƙali. Mahaifiyarsa Rakiya ita ma malama ce 'yar gidan malamai. Ita da kakarsa su ne malamansa na farko, a hannunsu ya fara Alƙur'ani da Larabci. A 1926 Allah Ya yi mata rasuwa, yaron yana da shekara shida.

Shekara shida fa, jama'a. Iyakar abin da aka ɗiba mata ke nan tare da ɗanta. Da ta ce bari ya ƙara wayo tukuna, da ta tafi ba ta dasa komai ba. Amma da yake ta fara da wuri, da ya koma hannun kakarsa da kawunsa Malam Halilu, ɗorawa suka yi a kan abin da suka tarar.

Tsarin karatun gidajen malamai na cikin gari, wallahi duk wanda ya kalle shi da idon basira zai ga hikima. Ba a ce wa yaro ɗan shekara huɗu je ka haddace izu sittin. Babbaƙu ake fara ba shi, ya san harafi. Ya gama, a shiga farfaru, ya san wasali. Sannan Fatiha, sannan Nasi, Falaƙi, a riƙa haurawa sura bayan sura. Abin da ke kan allonsa yau, shi ne burinsa na yau. Ya biya, malam ya ji ya zauna, ya wanke, a yi masa ƙari. Yaro yana ganin ƙarshen aikinsa da idonsa, har da ruwan tawadar da ke zuba. In ya kai wani mataki a yi 'yar sadaka, 'yan makaranta su ci, shi kuma ya ji ya yi wani abu. Sauka tana can gaba, manya sun san da ita, amma ba a ɗora masa nauyinta a kai kullum. Bayan sauka ga Ahalari, ga Ishmawi, ga Iziyya, ga Risala, kowanne yana jiran lokacinsa. Ni da na zauna a ajin jami'a na karanta darussan tarbiyya da Larabci, ban ga abin da suka faɗa a kan bi a hankali da allon nan bai riga su aikatawa ba. Shi kansa umarnin salla a Sunna haka ya zo, a fara a shekara bakwai, a tsananta a shekara goma. Shekara uku cur na koyo a tsakani.

Sai yana ɗan shekara goma, a 1930, aka sa shi makarantar Shahuci. Ku tuna zamanin. Lokacin ne da yawancin mutanen gari suke ɓoye 'ya'yansu kada a kai su boko, ga kuma gidan malamai ya miƙa nasa. Sun miƙa shi ne bayan tushe ya kafu. Daga nan Midil ta Kano a 1933, wadda ta zama Kwalejin Rumfa, sai Kwalejin Kaduna daga 1937 zuwa 1942.

To a nan ne nake so iyaye su natsu. Da ya gama Kaduna ya so karatun lauya, bai yiwu ba. Ya so likita, shi ma ƙofar ba ta buɗe ba. Ɗan gidan alƙalai bai zama alƙali ba. Malamin makaranta ya zama, a Midil ta Bauchi, inda ya yi hulɗa da Malam Sa'adu Zungur. Da a ce babban burin da aka gina shi a kai sunan sana'a ne, da tun yana ɗan shekara ashirin da biyu an ce ya faɗi. Ni abin da nake karantawa a rayuwarsa shi ne, abin da gidansu ya ba shi ya fi kujerar alƙali: sanin halal da haram, da ƙyamar zalunci. Wannan bai bar shi ba da ya je karatu Landan a 1946, bai bar shi ba a Maru inda ya ajiye aikin koyarwa a 1950 ya rungumi NEPU, bai bar shi ba da ya riƙe kwamishinan tarayya na sadarwa sannan na lafiya a gwamnatin Gowon. Kana iya saɓa masa a ra'ayin siyasa, malamai da yawa na zamaninsa sun saɓa masa, amma ko abokan adawarsa ba su tuhume shi da tara dukiya ba. Ga shi kuma da azumi yana zama ya yi tafsiri. Allon Sudawa ne yake magana.

Mu kuma yanzu mun juya abin. Uba zai same ni bayan sallar Isha'i ya ce, Malam a taya ni addu'a, yaron nan likita nake so ya zama. Madalla. Sai in ce, wace sura yake a wannan makon? Shiru. Wa yake jin tilawarsa a gida? Sai ya ce ai yana Islamiyya. Wani kuma ya ɗaura wa yaro hadda kafin shekara goma ko ta halin ƙaƙa, don ɗan maƙwabci ya yi, da bulala da tsawa, har yaron ya tsani ganin Mus'hafi. Na farko yana hangen nesa bai san abin da ke gabansa ba, na biyu ya ɗauko na nesa ya danne yaro da shi yau.

Abin da nake ba da shawara ba shi da tsada. Na kusa ya zama abin da za a iya ƙirgawa kuma a gama: aya biyar a mako, alwala daidai kafin ƙarshen wata, Asuba a kan lokaci kwana bakwai a jere. Ya cika, a nuna masa an gani, ko da da ƙosai ne. Na nesa kuwa, ku rage ambaton sunan aiki, ku yawaita ambaton irin mutumin da kuke fata: wanda za a ba shi ajiya a same ta, wanda ba zai sa hannu a takardar ƙarya ba. JAMB tana iya hana shi kwas ɗin da yake so. Uwa ko uba, ɗayanku yana iya tafiya kafin ya ga sauka, kamar yadda Rakiya ta tafi.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. Gidansa na Gwammaja, Mambayya, yanzu cibiyar nazari ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa duk sunansa suke ɗauke da shi. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan mahaifiyarsa da kakarsa da suka fara riƙe masa allo, Ya shirya mana zuriya. Amin.